Inci Huɗu na Zaiba

Matasan da suke zuwa wurina yanzu neman koyon aikin ruwa, tambayarsu ta farko ita ce wata nawa za su yi kafin su iya. Nakan ce su zauna tukuna. Sun ga an kafa sola a fadama, an danna maɓalli ruwa ya ɓulɓulo, sai suka ɗauka aikin ke nan: a haɗa bututu da bututu, a ɗaure noti, a wanke hannu. Ni na yi shekara talatin da 'yan kai ina raba ruwan rani tsakanin manoma a wata fadama da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe. Zan faɗi yadda aikin yake bi da bi, kamar yadda aka koya mini, har da wurin da na yi kuskure.

Firamare na gama, ban wuce nan ba. Mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Sanda Fita, wanda yake riƙe da ɗakin inji a bakin gulbi. Ɗaki ne na bulo mai rufin kwano, a ciki akwai injin dizal guda, baƙi, wanda sai an wana shi da hannu yake tashi. Injin yana jan ruwa daga gulbi ya tura shi cikin babban bututu zuwa kan tudu. A nan bututun ya rabu biyu, reshe ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma. Kowane reshe yana zuba a tankin siminti, tankunan biyu girmansu ɗaya, daga nan ruwa ya bi lambatu ya shiga fangalolin albasa da alkama da tumatir.

Aikina na farko shi ne shimfiɗa buhu. Kullum da safe Malam Sanda yakan sa in shimfiɗa buhu a ƙofar ɗaki in jera kayan aiki a kai: sifanu daga ƙarama zuwa babba, sai filaya, sai guduma, sai rular ƙarfe, sai tsumma da kwalbar kananzir a can ƙarshe. In ya miƙo hannu bai waiwayo ba, dole abin da yake so ya faɗa tafinsa. Wata uku na yi a kan wannan kafin ya bar ni in taɓa noti. A zamaninmu ba a tambayar maigida dalili. Sau ɗaya na gwada, na ce don me ake ɗaure noti a gicciye ba a bi su a jere ba. Ya dube ni ya ce, "Umaru, kallo anka kawo ka ko hira?" Ban sake ba.

Abin da ya fi kome daraja a wurin ba injin ba ne. Wani faranti ne na tagulla, faɗinsa bai kai faifai ba, da huda zagayayya a tsakiyarsa. An matse shi a cikin reshen gabas, tsakanin leɓunan bututu biyu, da noti takwas. Duk ruwan da zai tafi gabas sai ya kutsa ta wannan huda. Kafin farantin akwai siririyar tiyo, bayansa ma akwai wata, su biyun sun haɗu a wani bututun gilashi da aka lanƙwasa kamar baka aka kafe a jikin allo. A cikin gilashin akwai zaiba, ruwan ƙarfen nan mai nauyi da ƙyalli. In ruwa yana kutsawa ta hudar, ƙarfinsa kafin farantin ya fi na bayansa, sai ya danne zaibar a ɓari ɗaya ta hau a ɗayan. Tazarar da ke tsakanin kawunan biyu ita muke aunawa da rula. Injiniyoyin da suka kafa wurin sun yi lissafi a takarda: in tazarar ta kai inci huɗu, rabin ruwan inji ke nan yake tafiya gabas, sauran rabin na yamma ne. Aka ja jan layi a allon, manoman ɓangarorin biyu suka amince da shi a gaban mai gari. Aikin mai ruwa shi ne ya murɗa bawul ɗin gabas, makunnin da ke ƙara ruwa ko rage shi, har zaiba ta tsaya a kan jan layi, ya cire hannunsa.

Sau ɗaya tak Malam Sanda ya yi mini bayanin farantin, bayan na shekara biyu, wata rana yana shan rake a inuwar ɗakin inji. Ya ce in dubi shanu in an koro su ta ƙofar shinge. Ba sa cika ƙofar, na gefe suna matsowa tsakiya, kuma ko sun wuce sai sun ɗan yi tafiya a tsuke kafin su bazu. Ya ce haka ruwa yake yi a hudar. Lissafin farko na takarda yana ɗauka ruwa yana cika hudar ya wuce sumul, amma in aka auna, cikin kashi goma da lissafin ya yi alkawari kusan shida ne ke wucewa. Masu ilimin sun san haka, sun gyara lissafinsu da shi. Ya ƙara da cewa in ruwa ya ninka biyu, zaiba ninki huɗu take yi. Daga nan ya tofar da ɓawon rake ya ce in je in duba mai. Na riƙe duk abin da ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne ya kayar da ni.

Ranar Juma'a inji yana hutawa. Da hantsi mukan kwance noti takwas ɗin, Malam Sanda ya zare farantin da kansa, ya zagaya da shi bayan ɗaki, ya dawo da shi tsaf. Ni aikina in share leɓunan bututu in duba zoben roba. Ban taɓa ganin abin da yake yi a bayan ɗakin ba, ban kuma tambaya ba.

Da gwiwoyinsa suka gaza ya koma gida Tambuwal, aka bar mini makulli. Juma'ar farko na zare farantin na ga ya yi dushi-dushi, da ɗan kore a gefe. Na ce a raina wannan tsufa ne ya sa maigida ya daina kula. Na yi masa abin da na ga mahaifiyata tana yi wa tasoshinta: toka, yashi mai laushi, da lemon tsami. Na goge fuska biyu, sannan na naɗa tsumma a yatsa na dangwali yashi na zura cikin hudar na yi ta juyawa har bakinta ya daina kartar hannu. Farantin ya fito yana ɗaukar ido. Haka na yi kowace Juma'a, shekara shida, ban tsallake ko ɗaya ba. Manyan da suke zuwa duba aiki daga Sakkwato sukan ɗaga shi su nuna wa juna, su ce ga mai ruwan da ya san tsabta.

Shekarun nan sun yi daɗi. Gulbi cike yake har tsakiyar rani, inji yana aiki daga fitowar rana zuwa la'asar, kowa yana sha ya ƙoshi har ya bar saura ya koma gulbi. Tun daga Sanyinna mutane suke zuwa ƙwadagon dashe. In ka tsaya a kan tudu wajen tankuna, fadama kore shar har inda ido ya tsaya, ƙarar injin tana tafiya a kan ruwa, manoma suna gane lafiyarsa daga gonakinsu. In ya yi tari sau biyu, kafin in ɗauki sifana an aiko tambaya. Masu shanu sukan ajiye mini ƙwaryar nono a ƙofar ɗaki don na bar musu ragowar lambatu su shayar. A cikin shekarun ne na yi aure, na auri 'yar shugaban manoman gabas. Ba wanda ya ga aibin haka a lokacin.

Sai shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Gulbi ya ja baya ya bar yashi, muka ƙara tsawon bututun ja sau biyu. Daga ofishin hukumar ruwa aka ce inji ya riƙa aiki daga hantsi zuwa azahar kawai, don kada kududdufin da ya rage ya ƙafe kafin girbi. Albasa kuwa ta fara yin kai, lokacin da in ta sha ƙishi na mako biyu ba ta ƙara girma.

Wata Talata ina duba zaiba sai ga Baba Altine, dattijon da fangalolinsa suke can ƙarshen lambatun yamma. Ya yi sallama ya tsuguna, carbinsa a hannu.

"Mai ruwa, ruwanga bai rabu daidai ba."

Na nuna masa allo. "Baba, ga jan layi, ga zaiba. Inci fuɗu cif."

"Ni ban san inci ba. Abin da nika faɗa maka, jiya da anka tada inji na toshe bakin tankin gabas na ja carbi, zagaye ukku ya cika. Yau na toshe namu, sai da na ja fuɗu da rabi."

"Wataƙila jiya kun yi sauri, yau kun yi nawa."

"Shekara sittin nika jan carbi, ɗan nan. Ko kana cewa ranar Talata Allah nika ja wa rai?"

Na ce masa aikin ruwa ba da carbi ake yinsa ba, akwai takarda, akwai ma'auni. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "To. Takardar ta zo ta ga albasata." Kafin Alhamis magana ta zagaye yamma cewa mai ruwa yana shayar da gonar surukinsa.

Ni na aika ofis da kaina a turo mai dubawa, don na tabbata zai wanke ni. Aka turo wani matashin injiniya mai natsuwa, da agogo da littafi. Bai tsaya kan zaiba ba. Ya auna tankin gabas tsawo da faɗi da zurfi, ya toshe shi, ya duba agogo har ya cika, ya yi haka a na yamma. Ya zauna a kan bututu ya yi lissafi, ya sake.

"Malam Umaru, dattijon nan ya yi gaskiya. Cikin kashi biyar, gabas na shan uku, yamma biyu."

"Amma ga zaiba."

"Ita ce ta dame ni. Ruwan da na auna yana bi ta nan, a lissafi ya kamata ta kusa inci shida. Ga ta a huɗu."

Muka bi abin ɗaya bayan ɗaya. Da farko muka fitar da iska daga tiyo biyun. Sannan muka zura waya a ƙananan ramukan da tiyo ke shiga bututu, ko laka ta toshe su. Muka shafa kumfar sabulu a mahaɗai ko akwai yoyo. Muka gwada rulata da tasa. Kome lafiya. Farantin kuwa bai ce a zare ba, don ya taɓa ganinsa, ya ce bai ga mai kyansa ba a duk inda yake zagayawa.

Na ce to a rage bawul har tankuna su cika tare, a huta. Nan manoman gabas suka taso. Suka ce jan layi aka yi alkawari a kansa a gaban mai gari, ba agogon baƙo ba, ba carbin Altine ba. In zaiba ta sauka ƙasa da layi, an ci haƙƙinsu. Su ma albasarsu tana kai. Injiniya ya ce ba shi da ikon matsar da layi sai ya kai rahoto an zauna, abin da zai ci mako uku. Surukina yana tsaye a cikinsu, ni kuma ba na iya ɗaga ido in dube shi. Da yamma na bi lambatun yamma har ƙarshe. Ganyen albasar Baba Altine ya fara kwantawa, bakinsa ya yi rawaya.

Washegari Juma'a. Na kwance noti takwas, na naɗe farantin a tsumma, na hau babur zuwa Tambuwal. Na sami Malam Sanda a zaure, ƙafafunsa a miƙe a kan tabarma. Bayan gaisuwa na faɗa masa kome a jere, na miƙa masa farantin. Bai dubi ƙyallinsa ba. Ya ɗora farcen babban yatsansa a bakin hudar ya ja. Ya sake ja. Ya juya shi ya ja ta ɗaya fuskar.

"Wa ya goge wanga?"

"Ni ne, Maigida. Kowace Juma'a."

"Da mi?"

"Toka da yashi. Da lemon tsami."

Ya ɗago ya dube ni. "Tuwo za ka ci a ciki?"



Ya ce bakin hudar nan da kaifi aka yanke shi, kaifin da in ka ja farce sai ya kankare shi. Kaifin ne yake sa ruwa ya tsuke, kuma lissafin kashi shida cikin goma a kan baki mai kaifi aka yi shi. In baki ya dakushe ya yi sulɓi, ruwa yana zamewa ya wuce da yawa ba tare da ya danne zaiba sosai ba. Ga shi kuma yashi ya ci hudar ta ƙara faɗi. Wato duk sanda na murɗa bawul don zaiba ta kai layi, ruwan yamma nake ɗiba ina cika alkawarin gabas.

Na ce, "To Maigida, a bayan ɗaki me kuke yi masa?"

"Kananzir da tsumma. In ɗauraye in shanya. Mi ya hana ka tambaya?"

"Kun ce kallo aka kawo ni."

Ya kawar da kai ya yi gyaran murya. Can ya ce, "Kuma sai ban bari ka kalla ba." Wannan ita ce kaɗai maganar da na taɓa ji daga bakinsa mai kama da neman afuwa. Sannan ya ce in duba ƙarƙashin bencin ɗakin inji, akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai ɗan'uwan farantin a naɗe cikin takarda mai maiƙo, tare aka kawo su. Na san akwatin. Shekara goma da 'yan kai ina share ƙura a kansa, ban buɗe ba don ba a ce in buɗe ba.

Ranar Asabar da hantsi na tara su duka a wajen tankuna, gabas da yamma, da injiniya. Na mayar da tsohon farantin, na tada inji, na tsayar da zaiba a kan layi kowa ya gani. Na kashe inji. Ban taɓa bawul ba, na roƙi mutum biyu daga gabas su tsaya a kansa su shaida. Na zare tsohon na sa sabon, baƙi-baƙi da shi, ba ƙyalli. Na sake tada inji. Zaiba ta wuce jan layi ta haura har tazarar ta kai inci biyar da rabi.

Wani daga gabas ya ce, "To wa ya ce sabon ne mai gaskiya? Namu ya fi kyau."

Na ce, "Sabon shi ne yadda tsohon yake ranar da kuka yi alkawari. Ni na ɓata shi. Na goge masa baki da yashi shekara shida, ban sani ba. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya roƙe ni. Duk ruwan da yamma ta rasa, ta hannuna ya bi."

Na miƙa tsohon farantin ya zagaya, na gaya musu abin da Malam Sanda ya yi da farce. Kowa ya ja nasa ya ji sulɓi. Wani daga yamma ya ce a kai wa amarya ta jera a ɗaki, aka yi dariya kaɗan. Na murɗa bawul a hankali har zaiba ta sauko kan layi. Aka toshe tankuna biyu lokaci ɗaya. Injiniya yana duba agogo, Baba Altine yana jan carbi. Ruwa ya taɓa bakin tankunan kusan tare.

Sai surukina ya yi magana, bai dube ni ba. Ya ce wa mutanensa, "Shekara shida muna shan ruwan mutane. A ba su kwana ukku cur, mu mu jira."

Aka yi gunaguni. Wani ya ce albasarsa fa. Ya ce, "Tawa ta fi taka yawa, kuma ita za ta fara jira." Aka rufe gabas kwana uku.

Yawancin albasar yamma ta farfaɗo, ko da yake ba ta yi girman da ta saba ba. Fangaloli bakwai na ƙarshen lambatu ruwan ya same su a makare. Biyar daga ciki na Baba Altine ne. Ofis ya rubuto mini takardar gargaɗi, na karɓa na sa hannu, ba a kore ni ba. Tun daga ranar, kowane farkon wata nakan toshe tankuna in auna da agogo in gwada da abin da zaiba ta ce, in rubuta su gefe da gefe. In sun fara nisa da juna, ba na jiran manomi ya zo ya gaya mini.

Bayan girbi ina cikin ɗakin inji ina canza mai sai na ji sallama. Baba Altine ne da kwando a ka. Ya sauke a ƙofa. Albasa ce cike, kowace ba ta wuce goro ba, irin wadda ko a kasuwar ƙauye ba mai tayawa.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

"Taka ce. Ni na dasa, kai ka shayar. Ba a hana ma'aikaci rabonsa."

Na ce Allah ya ba da haƙuri.

"Ya riga ya ba da. Ka ɗauka, kwandon nika jira."

Na juye a buhu na miƙa masa kwandonsa. Na kai gida na ce kada a bayar, kada a zubar, kada a sayi wata sai ta ƙare. Ƙananan nan sun fi manya yaji, ga wuyar ɓarewa, mai ɗakina tana yanka tana hawaye tana tambayar laifin da ita ta yi. Wata biyu da kwana tara muka yi muna cin ta.